Allo Ya Ce Akwai Tawada, Hoto Ya Fito Da Zane: Ina Matsalar Take?

Da zarar Sallah ta ƙarato, ko kakar aure ta kama, masu shagunan hoto kan kakkaɓe firintocin da suka jingine tun watanni. Daga nan sai ƙorafi ya tashi, kusan iri ɗaya daga Kano har Maraɗi: kwamfuta ta nuna tawada ta fi rabi, amma hoton amarya ya fito da fararen layuka, fuskarta ta koma kore-kore. Wasu su ce damfarar kamfanoni ce, wasu su ɗora wa yaron shago laifin tsiyaye tawada. Sau da yawa duka biyun ba su da hannu.

Tushen rigimar shi ne yardar da muka ba sandunan launin nan da ke fitowa a allo. A yawancin firintoci masu katirij, babu abin da ke leƙa ciki ya ga inda tawada ta tsaya. Ƙidaya kawai ake yi. Firinta na lissafa ɗigon da ta fesa da wanda ta zubar wajen wanke kanta, ta cire daga abin da kamfani ya ce ya zuba, ta rubuta sauran a 'yar ƙwaƙwalwar da ke manne a jikin katirij. Kamar uwargida ce da ta san randarta na cin moɗa 100, tana ƙirga duk wadda aka ɗiba, amma ba ta taɓa ɗaga faifai ta duba ba. Muddin ana ɗiba kullum, lissafinta zai yi kusa da gaskiya. In ta yi tafiyar wata shida, za ta dawo da lissafin moɗa 60 a kanta, alhali zafi ya sha nasa, abin da ya rage ma ya yi kauri a gindin randa. Wasu katirij na Canon suna da ɗan madubi a ƙasa wanda haske ke gane ƙarewar tawada da shi, sai dai shi ma ba ya magana sai an zo ƙarshe.

Ko da tawadar na nan da gaske, kasancewarta a ciki daban, fitowarta daban. Tana fita ne ta ramukan kan firinta, wanda masu gyara ke kira hed, ramukan da ba su kai kaurin silin gashi ba. Epson L805, wadda masu hoto da yawa suka sani, launi shida take aiki da su, kuma ƙaramin ɗigonta fikolita 1.5 ne, fikolita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na lita. Rami mai wannan ƙanƙanta, ɗan busasshen ɓawo ya isa ya toshe shi. In na jan launi ne suka toshe, ga dalilin koren fuskar amarya.

Yanayinmu kuma bai taimaka ba. Littattafan Epson kan ce a yi aiki da firinta tsakanin digiri 10 zuwa 35, da danshin iska kashi 20 zuwa 80 cikin 100. A nan Arewa, hunturu kan busar da iska ƙasa da haka, bazara kuma ta haura digiri 40, balle a shagon kwano da aka rufe. Akwai wani ɗan murfin roba da kan firinta ke komawa ya zauna a kansa idan an kashe ta da maɓallinta. In wuta aka ɗauke tana tsakiyar aiki, ko aka zare waya daga bango, kan zai kwana a buɗe. Firintar da aka ajiye a haka, tun makonnin farko take fara lalacewa.

To yaya ake dubawa? Mai firinta mai tankin tawada ya yi amfani da idonsa: a ajiye ta a wuri mai daidaito, a haska tocila, a ga ko kowane launi ya wuce layin ƙasa. A duba bututun ma, ko iska ta yanka tawadar gunduwa-gunduwa. Irin su Epson L800 suna da makullin tafiya a gefen tanki, in an bar shi a rufe tawada ba za ta gudana ba. Mai katirij kuwa ya auna nauyinta da sabuwa, domin mililita ɗaya ta tawada kusan giram ɗaya ce. Ya duba kwanan watan da ke jiki, ya kuma tuna Epson kan ba da shawarar a ƙarar da katirij cikin wata shida bayan buɗewa. Tawada mai ƙwayoyin gari takan kwanta, tana son a girgiza ta a hankali. Bayan duk wannan, a buga gwajin ramuka a takardar banza, wanda manhaja ke kira Nozzle Check. Layukan da suka yanke su ne za su faɗi gaskiya.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake danna wankin kai sau goma a jere don an ga layi ya yanke. Kowane wanki tawada yake sha, ya tura ta cikin soson da ke ƙasan firinta. Soson ma ƙirga shi ake yi, in ya kai iyaka firinta ta tsaya cak sai an je wurin mai gyara. A Canon da HP abin ya fi haɗari, domin su da zafi suke fesa tawada, tawadar ce kuma ke sanyaya 'yan wayoyin da ke dumama ta. Bugawa a bushe yana iya ƙone su har abada. In an wanke sau biyu ko uku ba a ga canji ba, a bar ta ta huta kamar awa 12, busasshiyar ta jiƙa, sannan a sake gwaji.

Ina kuma ganin laifin ofisoshin da ke sayen firinta, a zuba mata tawada ranar ƙaddamarwa, a kulle ta a sito shekara guda, sannan a rubuta takardar neman sabuwa. Kuɗin jama'a ne ke bushewa a cikin waɗannan ramuka. Haka mai sayen ta-hannu da ke gamsuwa don an nuna masa sanduna cike a allo.

Ɗan'uwa mai shago, kada ka biya kuɗin firinta sai an buga maka gwajin ramuka a gabanka. Wadda ke hannunka kuma, ko babu ciniki, ka buga ƙaramin shafi mai duk launuka sau ɗaya a mako, ka kashe ta da maɓallinta, ka lulluɓe ta saboda ƙura.