Daga Moin zuwa Servus: Yadda Jamusawa Ke Gaisawa

Wanda ya koyi Jamusanci a aji yakan sauka Jamus da gaisuwa uku a bakinsa: Guten Morgen da safe, Guten Tag da rana, Guten Abend da yamma. Gute Nacht kuwa sallamar kwanciya ce, kamar “sai da safe”. Duk daidai ne, sai dai titi yana da nasa darasin.

A Hambog da Biremen, can arewa, mai shago zai tarbe shi da Moin ko da la'asar ta yi. Baƙi kan ji ta kamar Morgen, su ɗauka mutumin ya manta gari ya daɗe da wayewa, alhali kalmar ba ruwanta da agogo, dare da rana ana faɗinta. A kudu kuma, a Bavariya da Ostiriya inda ɗariƙar Katolika ta yi ƙarfi, gaisuwar ita ce Grüß Gott, addu'ar neman albarkar Allah da aka gutsure. Abokai a can sukan ce Servus, haɗuwa da rabuwa. Asalinta Latin ne, ma'anarta “bawa”, wato ni mai yi maka hidima ne. A Suwizalan sai Grüezi.

Inda baƙo ya fi yin tuntuɓe shi ne tsakanin Sie da du. Kamar yadda Bahaushe ke ce wa dattijo “ku”, haka Bajamushe ke ce wa babba, ko likita, ko wanda bai sani ba Sie, ya haɗa da Herr ga namiji ko Frau ga mace da sunan dangi. Du ta yara ce da dangi da abokai. Bisa al'ada babba ne ke ba da izinin komawa du, kuma ana iya shekara goma a ofis ɗaya ba a kai ga hakan ba.

Ba a jera tambayar gida da gajiya da iyali. Musafaha ce gajera, ido cikin ido, domin sunkuyar da kai da ake yaba wa yaro a Kano, a can yana iya zama abin zargi. Wanda ya tambayi Bajamushe Wie geht's, wato yaya kake, ya shirya saurare: mai ciwon baya zai iya ba shi labarin ciwon tiryan-tiryan.

Da tsakar rana ma'aikata kan gaisa da Mahlzeit, gaisuwar cin abinci, ko a kan matakala suka haɗu. A wayar tarho kuma, tunda ba a ga juna ba, sallamar Auf Wiedersehen, sai mun sake ganin juna, takan koma Auf Wiederhören, sai mun sake jin juna.