Kwamfuta da Binciken Bin Doka a Asibiti

Sirrin majiyyaci amana ce, amana kuwa sai da bincike. A shekarar 1996 Amurka ta kafa dokar HIPAA, wadda ƙa'idojinta suka wajabta wa asibitoci tsare bayanan marasa lafiya, da adana takardun shaidar bin doka har shekara 6. Yanzu manhajar kwamfuta ce ke rubuta sunan duk wanda ya buɗe fayil ɗin majiyyaci, da rana, da lokaci. Amma fa na'ura ba ta san dalilin buɗewar ba. Likita ne a bakin aikinsa, ko ma'aikaci ne ke leƙen asirin maƙwabcinsa? Wannan sai mai bincike ya zauna ya tantance, domin shaidar da aka tara ba a duba ba, ba ta tsare amanar kowa.