Geron Nasa Ne, Sunan da Ke Jikin Buhu Na Wani

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar hatsi ta Potiskum da kaka ya san yadda ake rubuta suna a jikin buhu. A tsaye ake yi, a gurguje. Mai awo yana zuba tiya yana ƙirgawa da ƙarfi, mai ɗinki yana biye da shi da basilla, ɗan dako ya riga ya sunkuyo da kafaɗa. Sai yaro ya matso da alƙalamin tawada ya ɗaga murya, "Na waye?" Cikin ƙura da ƙarar manyan motoci wani ya amsa daga nesa, yaron ya rubuta abin da kunnensa ya tsinta. A sungumi buhu a kai sito, mai sito ya kwafi abin da ya gani a jikin buhun ya zuba a littafinsa. Mai gero ya kama hanyar ƙauye hankalinsa kwance, ya ajiye abin da zai ci in rumbu ya ƙare.

Kuskuren ba ya bayyana ran nan. Sai damina ta yi nisa, marka ta sauka, tukunya ta fara kwana ba a ɗora ta ba, sannan ya zo ɗaukar kayansa. Mai sito ya buɗe littafi, ya bi layi da yatsa, ya girgiza kai. Ko dai sunan bai zo daidai ba, ko kuma buhu goman da aka kawo an rubuta tara. "Baba, ka yi haƙuri, abin da ke rubuce nake bi." Ga geron nan a jibge, mai shi yana kallonsa, ya ma gane ɗinkin bakin buhun, amma ba shi da ikon taɓawa.

Halin da tsofaffin sojoji da yawa suke ciki ke nan da takardunsu. Shekarun da mutum ya yi yana sanye da kaki su ne geron. Takardar sallama da fayil ɗinsa su ne rubutun jikin buhu da littafin sito. Fansho da garatuti da haƙƙin iyalinsa in ya rasu, su ne abin da zai zo ɗauka in ƙarfi ya ƙare. Wanda ya yi rubutun daban, wanda zai sha wahalar kuskuren daban, kuma tsakanin ranar rubutu da ranar ɗauka akan sami shekara talatin ko fiye.

Babbar kakar ɗaukar soja a ƙasar nan ita ce yaƙin basasa, daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970. Rundunar da ba ta wuce kimanin mutum 10,000 ba kafin yaƙin ta kumbura ta kai wajen 250,000 a ƙarshensa. A cikin wannan tururuwa aka ɗebi samari daga ƙasar Fika da kewayen Potiskum, Bolewa da Ngizim da Karekare da Ngamo da Fulani da Hausawa, yawancinsu ba su yi boko ba. Magatakardan da ke zaune a teburin ɗauka sau da yawa bai taɓa jin irin sunayensu ba. Mai suna Muhammadu ya zama Mamman a wata takarda, Momodu a wata. Wanda aka tambaya sunan mahaifinsa ya ji nauyin faɗa, ko magatakarda ya kasa rubutawa, sai a liƙa masa sunan garinsu. Maganar ranar haihuwa kuwa ido ne ya yanke ta: a dubi tsawon yaro da faɗin ƙirjinsa a ba shi shekaru, wani ma shi ya ƙara wa kansa biyu don kada a mayar da shi gida. Waɗannan su ne mutanen da lambarsu ta soja take farawa da 63NA, kuma har yau da ita ake kiran tsararsu.

Ƙasar da suka bari ma ta sake suna a bayansu. Saurayin da ya shiga soja a 1968 ɗan Jihar Arewa maso Gabas ne a takarda. A 1976 ya zama ɗan Borno, a watan Agustan 1991 ya zama ɗan Yobe, alhali gidan ubansa bai gusa ko taku ɗaya ba.

Shekaru da dama wannan bambanci bai hana kowa barci ba, domin mai biyan kuɗi mutum ne, yana duban fuska ya gane mai ita. Da BVN ta zo a 2014, lambar ɗan ƙasa ta NIN ta biyo ta zama dole a kusan komai, sai kwamfuta ta karɓi littafin. Ita ba ta san Mamman shi ne Muhammadu ba. Harafi ɗaya ya saɓa tsakanin takardar sallama da asusun banki, kuɗin wata ya tsaya. Tsoho ya je banki a ce masa matsalar daga Abuja take, ya aika Abuja a ce ya gyara a banki.

Kurakuran nan ba nauyinsu ɗaya ba. Na suna yana da ban haushi, amma yakan gyaru. Wanda ya fi ci wa mutum tuwo a ƙwarya shi ne na kwanan wata, ranar shiga da ranar fita, domin da su ake ƙirga shekarun aiki, kuma akwai adadin da sai an cika shi kafin a cancanci fansho. Dokar fanshon sojoji ta 1979 ta ce shekarar da soja ya yi a yaƙin basasa a ƙirga masa ita a matsayin biyu. Ke nan in aka rubuta wa mutum ya shiga a 1970 alhali a 1968 ya shiga, abin da aka zaftare masa ya wuce shekara biyun da ido ke gani, kuma wannan kaɗai ya isa ya fitar da shi daga layin masu karɓa har ya koma ga Mahaliccinsa. Haka muƙami. An ƙara wa mutum igiya ya zama saje a bakin daga, kowa a bataliya yana kiransa saje, amma sanarwar ba ta isa fayil ɗinsa ba, sai a sallame shi a kofur, a yi ta biyansa kuɗin kofur.

Ban ga laifin mai sito ba don ya ƙi miƙa buhu ga wanda sunansa bai dace da littafi ba. Amana aka ba shi, in ya saki hannu ɓarayi za su kwashe geron marayu. Fanshon sojoji ya daɗe yana fama da sunayen bogi da na matattu da wasu ke karɓa a madadinsu, kuma waɗanda suka ga farkon shekarun 2000 ba su manta da tsofaffin sojoji da ke kwana a gefen titi a Legas da Abuja suna jiran haƙƙinsu ba. Tantancewar da Hukumar Fanshon Sojoji take yi daga ofishinta na Dutsen Alhaji a Abuja tana da dalili mai ƙarfi. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda nauyin gyara ya koma kacokan kan wanda bai riƙe alƙalami ba.

A kasuwa in irin wannan ta faru, ba a kwana ana jayayya. A kira mai awo, a kira dillalin da aka yi cinikin a gabansa, a nemo yaron da ya yi rubutun, in abin ya gagara a je gaban shugaban kasuwa. Shaidu suna nan da ransu, tafiyar ba ta wuce taku ɗari ba, kafin la'asar an goge an sake rubutawa a buhu da littafi gaba ɗaya. Tsohon soja kuwa littafinsa na asali yana Lakwaja, a ofishin ajiye bayanan sojojin ƙasa da ke barikin Chari Maigumeri, wanda aka sa wa sunan shahararren samanjan nan ɗan ƙasar Borno da ya ga yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Hukumar fansho biya take yi bisa abin da rundunar ta aiko mata, ba ita ke da ikon sauya ranar shigar mutum ko muƙaminsa ba. Daga Potiskum sai ka bi ta Darazo da Bauchi da Jos ka sauka Abuja, sannan ka sake hawa mota zuwa Lakwaja. Wanda yake ɗan shekara ashirin a 1968 yau ya doshi tamanin. Da wace gwiwa zai yi wannan tafiya, kuma da wane kuɗi, tunda kuɗin ne aka tsayar?

Nan ne mutane da yawa suke ɓata ƙafa. Abu na farko da ake ba tsoho shawara shi ne ya je kotu ya yi takardar rantsuwa, ya buga sauyin suna a jarida. Wannan yana da amfani wajen daidaita banki da katin ɗan ƙasa, amma gyaran jikin buhu ne kawai, littafin sito yana nan yadda yake. Wasu ma garin neman sauƙi sukan sauya sunansu na gaskiya ya koma irin kuskuren da ke takardar soja, sai daga baya sunan ya saɓa da na takardun 'ya'yansu da na filinsu, gyara ɗaya ya haifi ɓarna uku. Mafi muni shi ne a sa reza ko farin ruwan gogewa a kan takardar sallama. Takardar da aka kankare ta tashi daga mai kuskure ta koma abin zargi. Hanyar da ta fi ita ce a rubuta koke zuwa ga rundunar, a bi ta reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Lijiyon da ke kusa, a haɗa da kwafin duk abin da ke ɗauke da lambar soja: tsohon littafin albashi, katin asibiti, takardar kwas, hoton da aka rubuta kwanan wata a bayansa. Suna yana rikiɗa, lamba ba ta cika rikiɗa ba, ita ce igiyar da za a ja a kai ga fayil. Kuma kada a taɓa miƙa takardar asali a bar ta a hannun kowa.

Akwai wani layi a takardar da ya fi duk sauran nauyi, wato dalilin barin aiki. Wanda aka sallama da mutunci da wanda aka kora ba ɗaya suke ba, a aljihu da kuma a idon jama'a. Mutanen Yobe sun ga wannan da idonsu a shekarun da Boko Haram ta fi zafi, lokacin da aka kori dubban sojoji bisa zargin gudu daga fagen fama, su kuma da yawansu suna cewa an tura su ne ba isassun makamai. A 2015 rundunar ta sake duba shari'o'in kimanin mutum 5,000, ta mayar da 3,032 bakin aiki. A Disambar shekarar kuma aka sassauta hukuncin kisa da aka yanke wa sojoji 66 zuwa ɗaurin shekara goma. Wannan ya nuna littafin yana buɗuwa in an so. Sai dai da umarnin shugabannin lokacin aka yi, kuma wanda labarin bai riske shi ba, ko yana kwance da rauni a ƙauyensu, ya rasa.

Amurka kuwa ta mayar da irin wannan gyara doka tun 1946. Kowane reshe na sojanta yana da kwamitin gyaran bayanai na dindindin, fararen hula ne ke zama a cikinsa, kuma aikinsa ya gyara kuskure ko ya kawar da zalunci. Fom ɗaya ake cikewa, DD 149, tsohon soja ko matarsa ko magajinsa na iya aikawa daga gida. An ba da wa'adin shekara uku daga ranar da aka gano kuskuren, kuma kwamitin yana da ikon ɗauke wa'adin in adalci ya buƙaci haka. Su ma sun gamu da asara: gobarar 1973 a ma'ajiyar St. Louis ta cinye fayil tsakanin miliyan 16 zuwa 18. Da haka ta faru sai ma'aikatan suka koma tsince bayanan mutane daga takardun biyan albashi da rajistar asibitoci, hukuma ta ɗauki wahalar a kanta.

Irin wannan ƙofa nake so a buɗe mana, kuma a kawo ta kusa. Ba abu ne mai tsada ba jami'an Lakwaja da na hukumar fansho su zo Damaturu da Potiskum ko sau ɗaya a shekara, a ce a makon tunawa da mazan jiya na 15 ga Janairu, su zauna da kwamfutarsu a gaban tsofaffin, a saurari abokan bataliya da suka rage a matsayin shaidu, a ba kowa takardar shaidar karɓar kokensa da ranar da zai ji amsa. Shaidun nan ƙarewa suke yi, kowace shekara sahun da ke fitowa fareti yana raguwa.

Kafin hukuma ta motsa, akwai aikin da ya rataya a wuyan 'ya'ya da jikoki. A yawancin gidajen nan takardun suna cikin tsohuwar akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, a naɗe cikin leda, gara ta ci gefe, danshi ya sa tawadar ta baje. A fito da su tun mai su yana da rai da hankalinsa. A shimfiɗa su a tabarma kusa da katin banki da na ɗan ƙasa, a karanta masa harafi bayan harafi, a ce, "Baba, wace shekara ka shiga? A ina aka ba ka igiya ta uku? Wa ya rage cikin waɗanda kuka tafi tare?" A rubuta amsarsa, a ɗauki hoton kowane shafi da waya. Sannan a duba layin magaji. Saurayin da ya shiga soja ba aure yakan rubuta mahaifinsa ko wansa, ya yi aure ya haifi 'ya'ya goma bai koma ya sauya ba. Ran da ya rasu, matar da ta yi shekara arba'in tana jinyar raunukansa za ta fita takaba ta tarar sunan da hukuma ta sani na mutumin da aka binne tun tuni ne, kuma wanda zai iya sa hannu a gyara cikin sauƙi shi ne mijin da ta rasa.