Yaƙi da ciwon daji: Aikin da ba sai ka zama likita ba

Yawancinmu da muka yi ajin kimiyya a sakandare, daga Utai zuwa Darki, Indabo da cikin garin Wudil, da buri guda muka tashi, wato mu zama likitoci. Idan sakamakon JAMB ya fito gurbin bai samu ba, sai mu tsinci kanmu a sashen nazarin halittu, ko sinadarai, ko ƙididdiga, ko aikin gona, muna ganin kamar mun faɗi ba nauyi. Amma akwai wani aiki a fannin lafiya da ba kasafai malaman jagoranci ke ambata mana ba, alhali rayuka masu yawa sun rataya a kansa. Shi ne aikin tsara manufofin kimiyya da fafutukar ganin an aiwatar da su, musamman a kan ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara ko kansa.

Girman matsalar

Alƙaluman hukumar binciken ciwon daji ta duniya, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, sun nuna cewa a shekarar 2022 an samu sababbin masu ciwon kimanin dubu 128 a Najeriya, kuma kusan mutum dubu 80 ne suka rasu. Sankarar mama ce a kan gaba, sai ta mafitsara da ke kama maza, sannan ta bakin mahaifa.

Sai dai waɗannan alƙaluma kiyasi ne. Ana gina su a kan rajistar da wasu manyan asibitoci ke yi, kamar ta Ibadan da aka fara tun 1960. Matar da ta ji ƙulli a mamanta a wani ƙauye na mazaɓar Utai, aka yi ta shafa mata magani a gida har rai ya yi halinsa, ba ta shiga lissafin kowa ba. Kuma duk mun san maganar da ake yi a gidajenmu, cewa daji ba ya son allura, idan ƙarfe ya taɓa shi sai ya bazu. Wannan fahimta ce ke sa a riƙe mara lafiya wata da watanni, sai abu ya ci tura a ɗauke shi zuwa Asibitin Malam Aminu Kano, ko Shika a Zariya. A lokacin likita ba shi da sauran dabara mai yawa. Idan mutumin ya rasu, sai a ce ai ga shi nan, asibiti ne ya ƙarasa shi.

Likita yana duba wanda ya zo gabansa ne kawai. To wa zai sa a ƙirga waɗanda ba su zo ba? Wa zai sa a ware kuɗin gwaji a asibitin karkara? Nan ne aikin da muke magana yake.

Mene ne aikin?

Mai wannan aiki yana tsaye ne tsakanin masu bincike da masu mulki. Mai bincike zai rubuta sakamakonsa a mujallar da ɗan majalisa ba zai taɓa buɗewa ba. Sai a sami wanda ya fahimci binciken, ya taƙaita shi a shafi biyu, ya faɗi abin da ya kamata a yi, nawa zai ci, kuma mutum nawa za a ceta. Shi ne zai halarci zaman sauraron ra'ayin jama'a a majalisa, ya bi diddigin kasafin kuɗi, ya tambayi ko an saki abin da aka rubuta a takarda.

Tarihin Amurka ya nuna tasirin irin waɗannan mutane. Mary Lasker ba likita ba ce, ba kuma masaniyar kimiyya ba, amma ta shafe shekaru tana matsa wa 'yan majalisar ƙasarta lamba, har Shugaba Richard Nixon ya sanya hannu a dokar yaƙi da ciwon daji a 1971, wadda ta buɗe ƙofar zuba maƙudan kuɗi a bincike.

A nan gida ma muna da misali. A 2017 aka yi dokar kafa Cibiyar Bincike da Kula da Ciwon Daji ta Ƙasa, wato NICRAT. Amma sai a farkon 2023 aka naɗa mata shugaba na farko, Farfesa Usman Malami Aliyu, ta fara aiki sosai. Wannan tazara ta shekara biyar darasi ce gare mu: yin doka daban, aiwatar da ita daban, kuma idan babu masu bibiya sai ta kwanta a durowa.

Haka batun kuɗi yake. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alƙawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu. A shekaru da dama abin da Gwamnatin Tarayya ke warewa bai kai rabin haka ba. A 2021 an fara wani asusu na tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsara a asibitoci shida, ciki har da na Shika da na Gombe. Mutum nawa ne a Utai suka san da zamansa? Sanar da su shi ma wani ɓangare ne na aikin.

Abin da Kano ta koya wa duniya

Babu inda ya kai jiharmu sanin cewa kimiyya ba ta tafiya idan jama'a ba su yarda ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya shafi yara kimanin 200, kuma 11 daga cikinsu suka rasu. An daɗe ana shari'a a kan ko an nemi izinin iyaye yadda ya kamata, kafin a yi sulhu da gwamnatin jiha a 2009. Zargin da wannan ya bari a zukata yana cikin abin da ya taimaka wajen dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, har sai tsakiyar 2004 aka ci gaba. Bayan an jawo sarakuna da malamai cikin tafiyar ne abubuwa suka sauya, kuma a watan Agustan 2020 aka tabbatar an kawar da cutar ta asali daga nahiyar Afirka.

Yau ga irin wannan jarrabawa ta sake zuwa. A ranar 24 ga Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV kyauta, ƙwayar cutar da ke haddasa kusan dukkan sankarar bakin mahaifa, kuma Kano na cikin jihohin zagayen farko. Burin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne zuwa 2030 a yi wa kashi 90 na 'yan mata rigakafi, a gwada kashi 70 na mata, a kuma yi wa kashi 90 na masu cutar magani. Amma allura tana iya isowa asibiti, uba ya ce ba za a taɓa 'yarsa ba saboda wani saƙon murya da ya ji a WhatsApp. Wanda zai zauna da wannan uba ya amsa masa tambayoyinsa cikin ladabi, ba tare da ya raina shi ba, dole ya zama mai jin Hausa, mai sanin yadda ake gaida mai unguwa da liman, kuma mai fahimtar kimiyyar abin. Ba za a kawo mana shi daga Janiba ba, a cikinmu zai fito.

Har a rumbunmu akwai aikin

Utai garin noma ne, don haka ga wani misali da ya shafe mu kai tsaye. Gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba kafin a adana su sukan yi fumfuna mai fitar da gubar da ake kira afilatoksin. Wannan guba tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar hanta, kuma haɗarin ya fi tsanani ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA, wadda ke da reshe a Kano, ta samar da wani magani mai suna Aflasafe da ake barbaɗawa a gona don rage gubar. Akwai kuma allurar ciwon hanta da ake so a yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa, abin da ke wuya idan an haihu a gida. Ɗalibin aikin gona ko na kimiyyar abinci da ya shawo kan ƙaramar hukuma ta sa wannan a shirin malaman gona, ya yi yaƙi da ciwon daji ko da bai taɓa riƙe sirinji ba.

Wa ya riga mu, kuma ta ina za mu fara?

Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu likitar yara ce da ta kafa gidauniyar Medicaid, kuma a 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta UICC, babbar ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya, mutum na farko daga Afirka da ya samu wannan matsayi. Runcie Chidebe kuwa, wanda ya kafa Project PINK BLUE, ba likita ba ne. Ashe ƙofar tana da faɗi.

Mai karanta ƙididdiga ko kwamfuta ana buƙatarsa a rajistar masu ciwon daji. Mai karanta tattalin arziki zai lissafa tsadar magani da ribar rigakafi. Lauya zai rubuta ƙudiri, ya kuma bibiyi dokoki irin ta taƙaita shan taba ta 2015. Ɗan jarida da mai digirin Hausa za su nemo kalmomin da kaka za ta gane a rediyo. Wuraren aikin sun haɗa da ma'aikatun lafiya, hukumar kula da lafiya a matakin farko, NICRAT, NAFDAC, kwamitocin lafiya na majalisu, ƙungiyoyin sa-kai da hukumomin duniya. Mai son ƙarin karatu bayan digiri ba sai ya yi nisa ba, domin Jami'ar Bayero tana da cibiyar ACEPHAP da ke koyar da lafiyar al'umma da tsara manufofi.

Gaskiya dai aikin ba shi da farin kaya ko kirarin "likita bokan Turai", albashin farko ba lallai ya burge ba, kuma sakamako yakan ɗauki shekaru. Guraben ma ba su da yawa, sai wanda ya nuna abin da ya taɓa yi. Shi ya sa ya kamata mu fara tun muna makaranta. Mu da ke Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote a nan Wudil, da 'yan'uwanmu na sauran makarantu, za mu iya zaɓar maudu'in aikin kammala digiri da ya shafi garuruwanmu, kamar yadda ake adana gyaɗa, ko abin da iyaye suka sani game da allurar HPV, bayan mun samu izinin kwamitin ɗa'ar bincike. Mu nemi kasafin lafiya na jihar Kano mu karanta shi layi-layi. Mu koyi rubuta taƙaitaccen bayani da Hausa da Turanci. Mu nemi halartar zaman kwamitin ci gaban mazaɓa da ke sa ido a kan asibitin unguwa. Ranar 4 ga Fabrairu, ranar ciwon daji ta duniya, mu roƙi shugaban makarantarmu ta dā ya ba mu minti goma a taron safe, mu gayyaci ma'aikaciyar lafiya ta yi bayani.

Ga ƙannenmu da ke aji shida kuma, ku ci gaba da neman likitanci idan shi ne a ranku, muna yi muku fatan alheri. Idan bai samu ba, kada ku ajiye littattafan kimiyya. Duk wata allura da ta iso asibitin Utai, sai da wani ya yi lissafi, wani ya rubuta takarda, wani kuma ya yi ta zarya a ofisoshi kafin a sa hannu. Waɗannan kujeru suna nan, kuma 'yan karkara kaɗan ne a kansu.