Goɗiyar Larabawa da Sunan Gidansu

Bahaushe ya ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Balaraben hamada bai musa ba, amma in zancen doki ake yi, uwa yake fara tambaya. A wurin makiyayan Najadu da hamadar Sham, sunan dangi ta wajen goɗiya yake gangarowa. Ko wane ingarma ne ya hau ta, ɗan da ta haifa sunan gidanta zai ɗauka.

Akwai dalili. Goɗiya ce abar hawan kai hari, domin ba ta cika haniniya ta tona asirin maharan da suka yi kwanto ba. Ingarma kuwa sau da yawa sayar da shi ake yi. Goɗiyar takan sha nonon raƙumi, ta ci dabino in ciyawa ta yi wuya, in dare ya yi sanyi har cikin tanti ake shigar da ita. Jikinta ma na tafiyar nesa ne: ƙaramin kai mai ɗan lotsawa a ƙasan goshi, manyan ƙofofin hanci, baƙar fata a ƙarƙashin gashi ko da kili ce, ga wutsiya a ɗage in ta zabura. Wasu daga cikin dawakin nan ƙashin ƙugu biyar gare su maimakon shida.

Dangogin da aka fi ambata biyar ne, wato Kuhailan, Saƙlawi, Ubayyan, Hamdani da Hadban, ko da yake masu Dahman da Mu'uniƙi ba su taɓa yarda a bar su a baya ba. Kowanne da labarinsa. An ce wani mahayi da ake bi ya yar da 'yar dukushiyar da goɗiyarsa ta haifa a hanya, amma jaririyar ta biyo sawu har zango, wata tsohuwa ta rene ta, daga ita aka sami Kuhailan Ajuz. Akwai kuma labarin goɗiyoyi biyar da aka saki da ƙishirwa, suka nufi ruwa, da aka kira su suka juyo ba su sha ba. Ana jingina shi ga Annabi (SAW), amma zancen baka ne. Abin da ya inganta a hadisi shi ne alheri na ɗaure a makwarkwaɗar dawaki har ranar ƙiyama.

Suna na biyu shi ne mai nauyi, domin shi ke nuna gidan da ya riƙe jinin. Saƙlawi Jadran na gidan Ibn Jadran ne, Hamdani Simri na Ibn Simri. Ƙabilu irin su Shammar, Muɗair da rassan Anaza sun yi ta ƙwace wa juna dawaki, sai dai akwai ladabi ko a cikin gaba: wanda ya kama goɗiya yakan aika wa mai ita a tambayo asalinta, shi kuma ya faɗi gaskiya. Haka wata goɗiya mai suna Rodaniya ta fita daga hannun ƙabilar Ruwala ta faɗa hannun ƙabilar Saba'a da sunanta cikakke, har Wilfrid Blunt da matarsa Anne suka saye ta a 1881 suka kai ta gonarsu ta Crabbet a Ingila. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: jikokinta sun bazu har Amurka da Ostareliya.

Kafin su, Abbas Pasha, wanda ya mulki Masar daga 1848 zuwa 1854, ya tura wakilai tanti tanti suna rubuta shaidar dattawa a kan kowace goɗiya da ya saya.

Sai ga masu binciken ƙwayoyin gado. A 2000, Ann Bowling ta Jami'ar Kalifoniya da abokan aikinta suka duba gadon da uwa kaɗai ke bayarwa, suka tarar akwai dawaki masu sunan dangi ɗaya da uwayensu na asali suka bambanta, akwai kuma masu suna daban da suka fito daga tsatso guda. Wannan bai mai da dattawan hamada maƙaryata ba. Goɗiya takan sauya suna in ta daɗe a sabon gida, kuma shaidar baka iyakarta kakannin da mai rantsuwa ya ji labarinsu. Masu kiwo a Masar da Bahrain har yau suna rubuta sunan dangi, amma hukumomin rajista sakamakon gwajin gado suke nema kafin su tabbatar da uwa da uban dukushi.