Daga kalankuwa zuwa Paris: Wasan kwaikwayon da aka haifa a dandali da kasuwa

A ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kamar sauran ƙasar Hausa, wasan kwaikwayo ya girmi talabijin nesa ba kusa ba. Da zarar an kai amfanin gona rumbu, samari kan shirya kalankuwa: su naɗa sarkinsu da waziri da alƙali da dogarai, a kafa fada a dandali, a gurfanar da mutum kan laifin da ba laifi ba, a ci shi tara ana dariya. Babu wanda ya rubuta musu abin faɗa. Duk da haka, mai gari da ke cikin 'yan kallo yakan gane inda aka dosa.

Idan azumi ya kai kwana goma sai tashe ya karɓa, yara su bi gida-gida suna kwaikwayon boka da gwauro da tsoho mai kwaɗayi.

Abubuwa biyu waɗannan wasanni ke buƙata, dare da taron jama'a, kuma su ne 'yan bindiga suka fara ƙwacewa. A daren 11 ga Disamban 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 gwamnatin Katsina ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, sannan aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da waɗannan ukun. Uban da ke kwana da kunne ɗaya a buɗe ba zai bar ɗansa ya fita tashe ba.

Faransa ma daga kasuwa nata wasan talakawa ya taso. A farkon ƙarni na 18, 'yan wasan kasuwannin Saint-Germain da Saint-Laurent a Paris sun janye 'yan kallo har gidan wasan sarki, Comédie-Française, ya sa aka hana su yin magana a kan dandamali. Sai suka koma rubuta baitoci a kan alluna suna ɗagawa, 'yan kallo na rerawa da kansu. Daga wannan dabara ta kauce wa doka gidan Opéra-Comique ya samo asali.

Bambancin shi ne can an rubuta, kuma rubutun ya zama sana'a. Eugène Scribe, wanda ya rayu daga 1791 zuwa 1861, ya fitar da ɗaruruwan wasanni, akasari tare da abokan aiki, kusan yadda ake haɗa labarin fim a Kannywood yau. Yana cikin waɗanda suka rubuta baitocin wasan waƙe na La Muette de Portici, wanda nuna shi a Brussels ranar 25 ga Agustan 1830 ya zama mafarin boren da ya kai ga 'yancin Beljiyam.

A ƙasar Hausa rubutun ya zo a makare, ta hanyar makaranta. Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa, Shu'aibu Maƙarfi ya yi Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu. Katsina ta ba da Umaru Ɗanjuma, wato Kasagi, marubucin Kulɓa Na Ɓarna, labarin ɗalibar da mai kuɗi ya yaudara ya lalata mata karatu. Waɗannan suna nan a takarda, ko an shekara hamsin ana iya ɗaukowa a sake yi.

Kalankuwa ba ta da wannan gata. Tana cikin kan waɗanda suka taɓa yin ta ne kawai, kuma da yawa daga cikinsu sun bar ƙauyukansu sun koma Funtuwa da Katsina da Zariya, inda yaransu ke kallon barkwanci a TikTok.