UWA, KI TSARE MAGANIN YARO DAGA ZAFI DA TSAMI

Jama'ar Bata, Fagge da Sabon Gari, a saurara. Maganin ruwa na yara ya kan lalace kamar yadda miya ta ke lalacewa, sai dai shi sau da yawa ba ya wari, ido kuma ba ya gani.

Me ya sa a ke ba ki shi gari a kwalba?
Magani irin su amoxicillin ya fi daɗewa in ya na bushe. Da zarar an zuba masa ruwa, ƙarfinsa ya fara raguwa ke nan. Ki haɗa shi da ruwan da aka tafasa ya huce, daidai layin da ke jikin kwalbar. Ki rubuta ranar da kika haɗa. Yawanci bayan kwana 7 sai a zubar da ragowar, amma ki duba takardarsa.

Zafi
Yawancin magunguna ba a so su wuce digiri 30. A bazara, musamman Afrilu, zafin Kano ya kan kai 40. Duk ƙarin digiri 10, saurin lalacewar ya kan kusan ninkawa. Kada ki ajiye kwalba a taga, ko kusa da murhu, ko a ƙarƙashin kwanon rufi. Ki sa a firji, amma kada ya daskare. In babu wuta, ki toshe bakinta sosai, ki ajiye a gindin randa, inda hannun yara ba ya kaiwa.

Tsami
Tsami ya na karya magungunan dangin penicillin, haka ma erythromycin. Kada ki dama magani a cikin kunun tsamiya, zoɓo ko lemon tsami ki ajiye. Ki ba shi da cokalin awo, ki bi da ruwa.

Ruwan gishiri da sukari
In ya kai awa 24, ki zubar, ki haɗa sabo.

Magani mai rauni ba ya kashe ƙwayar cuta. Yaro ya na sha, ciwo ya na ƙaruwa, kuɗin maigida sun tafi a banza. Kada ki sayi wanda aka baza a rana a bakin titi. Ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa.

In launinsa ya sake, ko ya yi gudaji, ki kawo mana shi asibiti mu duba. Tambaya ba ta ɓata hanya.